Ɗanyen Ƙwai da Butar Gidan Alhaji Isufu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da sunayen wasu malaman da suka zane ni a lakwal, wato makaranta, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara zuwa gaida mahaifin Mariyama a Waca ba. Ko ni na so in manta, mutanen gidan ba za su bari ba, kuma za ku ga yadda suke tuna mini ba tare da kowa ya buɗe baki ba.

Ni mai kiwon kaji ne a Magariya, kuma ba na jin kunyar faɗin haka. Bayan na bar kolej, ita ma kolej ba ta yi kewata ba, na gwada sayar da mai a kwalba a bakin hanya, na gwada cajin waya, duk ba su karɓe ni ba. Sai wani furoje, wato shirin taimakon matasa, ya tara mu a wani ɗaki mai fanka, aka yi ƴan kwanaki ana koya mana kiwon kaji masu ƙwai. Na fito ina jin duk faɗin Damagaram babu wanda ya san kaza kamar ni. Na gina akurki na bulo da waya a bayan gidanmu, na zuba kaji, na kuma buɗe baki.

Abin alfaharina shi ne abincin kajin. Da hannuna nake haɗa shi: dusar gero, ɓarzajjiyar masara, tunkuzar gyaɗa, garin busasshen kifi, ƙonannen ƙashi da ɗan gishiri. Duk wanda ya yi kuskuren tambayata lafiyar kaji, sai ya ji wannan bayani daga farko har ƙarshe. Abin da ba na faɗa shi ne inda nake ajiye buhunan. A tsohon ɗakin kakata suke, a zube a ƙasa, ɗakin da ɓeraye suka gada tun rasuwarta. Kullum na buɗe buhu sai na ga kashinsu baƙi-baƙi a saman dusar. In ina da ƙwazo in sa rariya in tankaɗe, in ba ni da shi in ce ai kaza ba ta da ƙyanƙyami. Kifin ma ba na kirki ba ne, ɓurɓushin da masu kifi ke sharewa daga ƙarƙashin tabarmarsu ne in kasuwa ta tashi, da ƙasarsa da ƙudansa. (Ina kyautata zaton an yi mana bayanin wannan duka a wajen horon, amma bayan cin abincin rana aka yi shi, fanka kuma tana kaɗawa.)

Akwai kuma kwanon ruwa. Kowa ya san yadda ake sayen ƙwai a kasuwanninmu: mai saye ya jefa shi cikin ruwa, in ya nutse ya kwanta sabo ne, in ya taso sama baragurbi ne. Ni a wurina ƙwan da ya nutse ya wanke kansa daga kowane zargi. Na kuma ƙara da wata dabara tawa. Da yake ƙwan gidajen gona da ake shigowa da shi daga ƙetaren iyaka fes yake zuwa, nawa kuwa wani da ɗan kashin kaza, wani da gashi a manne, sai nake wanke su a cikin wannan kwanon dai, in goge da tsumma har su yi ƙyalli. Ruwa ɗaya tun safe har la'asar. Kafin azahar ya koma kalar kunun tsamiya, ni kuwa ban ga aibinsa ba, tunda ba sha za a yi ba.

Mariyama ma'aikaciyar jinya ce a likitar Waca, wato ɗan asibitin garin. Gwaggonta na aure a unguwarmu, kuma a wurin sayen ƙwai muka haɗu. Na yi mata jawabin dusa da tunkuza, ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni ko su ma kajin haka nake cika musu kunne. Tun daga ranar na san an gama da ni. Muka daidaita, magana ta kai gida, sai ta tsaya a wurin mahaifinta, Alhaji Isufu, manomin gyaɗa mai turken shanu, mutumin da ba ya ɓarnar magana. Da aka gaya masa sana'ata, abin da ya ce kawai shi ne a gidansu mata ne ke da kaji. Daga baya ya aiko in zo ya gan ni da idonsa kafin manyana su ɗauki goro su taso. Mariyama ba ta ɓoye mini ba: tana so na, amma in Baba ya ce a'a, ba za ta tsallake maganarsa ba. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ba a taɓa zama da ni aka tashi ba a gamsu ba.

Ana gobe tafiyar ta kama ranar kasuwa. Kusa da rumfata akwai Tsalha, mai kawo ƙwan gidan gona daga ƙetare, abokin faɗana na kullum. Wani mai shayi na bakin tasha, wanda ke ɗaukar ƙwai da yawa, ya tsaya tsakaninmu yana duba nan yana duba can. Nan na buɗe wuta. Na ce kajin da suka yi ƙwan Tsalha ba su taɓa ganin rana ba, kuma shi kansa bai san abin da aka ɗura musu ba. Nawa kuwa duk ƙwayar da ta shiga bakinsu ta hannuna ta bi. Tsalha ya bari na gama, sannan ya ce cikin sanyin murya, "To, Mai Kaji, tunda ka yarda da su haka, sha ɗanye mu gani."

Mutane suka fara taruwa, ni kuwa da ma abin da nake nema ke nan. Na ɗauki ƙwai na jefa a kwano, ya nutse ya kwanta, na nuna wa jama'a da yatsa kamar mai dabo. Na tsamo shi yana ɗigar wannan ruwa mai kalar kunu, na fasa a bakin kwanon, na ɗaga kai na kwankwaɗe. Aka yi tafi. Wani ya ce a ƙara, na ƙara. Wani dattijo ya ce ɗanyen ƙwai na gyara murya, na tuna gobe zan yi magana gaban suruki, na sake ƙarawa. Ban san inda na tsaya ba; abokina Lawali, ɗan kabu-kabu, yana wurin, kuma duk lokacin da ya ba da labarin sai adadin ya ƙaru. Mai shayi dai nawa ya ɗauka, na koma gida ina tafiya kamar an naɗa ni sarauta.

Da safe na ji cikina na ɗan juyawa, na ce fargaba ce. Na sa farar shaddata da ta sha sitaci, babbar riga har da aiki a wuya, na kafa hula, na yi wanka da turare. Na zaɓi manyan ƙwai na cika tire guda, don kada in shiga gidan mutane hannu rabbana. Lawali ya ɗauke ni a motonsa, wato babur. Duk wanda ya san hanyoyinmu ya san rairayi da gargada, kuma kowane rami muka faɗa sai in ji wani abu ya sauka daga ƙirjina zuwa mara. Rana na dukanmu amma ni sanyi nake ji. A wani wuri Lawali ya waiwayo ya ga fuskata, ya ce ko ya tsaya in ɗan zaga bayan wancan kalgo. Na dubi ƙarangiyar da ke wurin, na dubi shaddata, na ce ya ci gaba, ni ba yaro ba ne. Wannan ita ce dama ta ƙarshe da Allah ya ba ni a ranar, na kuma mayar da ita saboda ƙarangiya.

Mun tarar da Alhaji Isufu a zaure a kan buzu, da ƙanensa da wani dattijo maƙwabcinsa. Muka cire takalma tun daga waje, muka shiga muka tsuguna. Nan na gane wani abu da ban taɓa lura da shi ba: tsugunon da ake yi wa suruki da wancan tsugunon da ba a faɗa iri ɗaya ne sak. Ni na san gaisuwa na zo, amma cikina ya ɗauka mun iso.

Gaisuwar kuwa ba a gaggauta ta ba. An tambayi gajiya, an tambayi hanya, mutanen Magariya, kasuwa, mahaifina, ƙafar mahaifina da ke masa ciwo, sannan ƙanen Alhaji ya ɗauko daga farko, maƙwabci ma ya karɓa. Ina ta amsa "lafiya lau", ƙaryar da ban taɓa yin mai girmanta ba. Aka ce mu zauna, na zauna a gefen tabarma na matse ƙafafu. Aka miƙo fura mai sanyi daga cikin gida. Al'ada ta ce mai neman aure ba ya ci ba ya sha gaban suruki, sai dai ya yi ta noƙewa. Ni ranar da zuciya ɗaya na ƙi, ko kallon ƙwaryar ban iya yi ba. Kaina a sunkuye, gumi na ɗiga daga haɓata. Na ji maƙwabcin na ce wa Alhaji a hankali, yaron nan akwai kunya, ba kamar yadda aka ba da labarinsa ba.

Sai Alhaji ya yi tambayar da na fi so a duniya. Ya ce, "An ce kaji kake kiwo. Me suke ci?"

Da a ranar lafiya ce, da sai an kira la'asar ban gama ba. Ranar nan na ce "dusa," na tsaya, na ce "da masara," na sake tsayawa, domin kowace kalma na fitar sai wani abu ya nemi fita ta wata hanyar. Lawali ya ga abokinsa na neman faɗuwa, ya karɓe zancen don ya taimake ni. Ya yabi akurkina, ya kuma kawo labarin jiya da ƙarin gishiri, yadda na sha ɗanyen ƙwai gaban kasuwa guda ko gezau ban yi ba. Yana cikin haka cikina ya yi wata doguwar ƙara mai hawa da sauka. Ƙanen Alhaji ya leƙa waje ya dubi gabas, ya ce shi dai bai ga alamar hadari ba. Har yau ban sani ba ko da gaske yake.

Yanzu ku duba halin da nake ciki. Mai neman aure ba ya tambayar bayan gida a gidan surukai. Ban taɓa jin wanda ya yi ba, ban ma san da wace kalma ake farawa ba. Waje hanya ce da mutane, gonaki kuma da nisa. Bayan gida ɗaya ne a kusa, yana can ƙuryar gidan, kuma kafin ka kai sai ka ratsa tsakar gida, inda mahaifiyar Mariyama, wadda kowa ke kira Inna, ke zaune da matan dangi da suka taru musamman don su leƙa su ga saurayin. Inna kuwa ita ce macen da bisa al'ada ni da ita ba za mu haɗa ido ba har tsufa. Na karanta duk addu'ar da na sani. Na ce in dai Alhaji ya yanke magana yanzu, ko wace iri ce, zan yi godiya in fita da mutuncina.

Alhaji ya gyara zama, ya shafi gemu. Sannan ya ce, "To, na ji. Abin da zan ce maka shi ne..."

Ban ji sauran ba, domin a daidai nan na miƙe zumbur, a tsakiyar maganar dattijo, a cikin zaurensa. Na buɗe baki, kuma duk iya zancen da Allah ya hore mini, duk jawabin da na shirya, abin da ya fito shi ne:

"Baba, buta."

Alhaji ya miƙa hannu bayansa ya ɗauko butar alwalarsa ya ba ni, ya nuna ƙofar cikin gida da haɓa.

Na shiga gidan surukaina ba sallama, ba takalmi, babbar riga a naɗe a kafaɗa, buta a hannu, ina wani irin gudu na matse gwiwa. Mata suka dare, wasu suka ja mayafi, wata ta saki ƙwarya. Na tsaya tsakiyar gida ina juyawa, don ban san ɓangaren ba. Inna ce, wadda ya kamata ta shige ɗaki ta ɓuya, ta kawar da fuska gefe ta ɗaga muciya ta nuna mini kusurwa. Wurin shingen zana ne, shingen kuma gajere, ta yadda duk wanda ke tsakar gida yana hangen hulata. Shinge kuwa ido yake tarewa, ba ya tare kunne. Gidan ya yi shiru, ni kuma abin da ke tafe ba mai shiru ba ne.

Sai na ji taɓarya ta faɗa turmi. Ta biyu ta bi ta, ta uku ta shiga, aka kama lugude da ƙarfi har ƙasa na amsawa. Aka yi ta daka ba a tsaya ba sai da aka ga hulata ta miƙe. Daga baya Mariyama ta gaya mini babu ko ƙwayar gero a turmin. Inna ce ta ba da umarni da ido, aka daki turmi wayam don a rufa wa baƙo asiri. Na sha jin ana maganar karamci, amma ban taɓa ganin irin wannan ba, kuma in na tuna har yanzu kunya da ƙaunar matar nan ke kama ni lokaci ɗaya.

Da a ce sau ɗaya ne, da da sauƙi. Na fito na kai bakin zaure, na juya. Turmi ya sake tashi. A zuwa na gaba matan har sun san aikinsu, da sun hango ni sai su miƙe. Daga nan amai ya shigo, zazzaɓi ya rufe ni, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Hawa moto bai yiwu ba. Alhaji ya sa aka ɗaura wa bijiminsa amalanke, aka shimfiɗa ni a kai da shaddata, aka ratsa da ni tsakiyar Waca, shi yana biye a ƙasa da carbinsa, Lawali na tura moto.

Kun riga kun san wa ke aiki a likita ranar. Mariyama ta fito da farar rigar aiki, ta dube ni a kan amalanke, ta dubi mahaifinta, ta sa aka kwantar da ni. Sannan ta ja kujera ta fara tambayoyi da wata murya da ban san tana da ita ba, Alhaji kuwa na zaune a benci a bakin ƙofa yana jin komai.

"Tun yaushe? Sau nawa ka zaga? Ruwa-ruwa ne? Ka ga jini?"

Na sha yi wa wannan budurwa kalamai masu daɗi a ƙofar gidan gwaggonta, ban taɓa zaton hirarmu za ta iso nan ba. Na amsa ina kallon rufi. Da ta tambayi abin da na ci jiya, kafin in buɗe baki Lawali ya sake ba da labarin kasuwa, amma wannan karon a matsayin mai shaida.

Ta ɗaura mini ƙarin ruwa, sannan ta yi mini darasin da aka yi ina barci. Ta ce ba za ta rantse ba tunda ba a yi gwaji ba, amma alamun sun yi kama da na wata ƙwayar cuta da ake kira salmonela, wadda ke zama a hanjin kaji da ɓeraye, ta fita a kashinsu. Kaza na iya ɗauke da ita tana kiwonta lafiya ƙalau, wani lokaci ma cutar na shiga ƙwan tun yana cikin kazar, kafin ɓawo ya rufe. Na ce cikin ƙarfin hali ai duk sun nutse a ruwa. Ta ce ruwa sabuntar ƙwai kawai yake nunawa, ba ya ganin cuta. Wankin da nake yi kuwa ya fi muni, domin ɓawon ƙwai na da ƙananan ƙofofi da wani ɗan rufi a kansu. In ka wanke ka cire rufin, ruwan datti ya samu hanya. (Ta ce ta taɓa gaya mini haka a kasuwa, na amsa mata da jawabin tunkuza.) Sai ta tambayi inda nake ajiye abincin kajin. Da allura a hannuna, da mahaifinta a bakin ƙofa, na ba da labarin ɗakin kakata da magadansa, da sharar kifi. Ban rage komai ba, ba ni da sauran ƙarfin yin ƙarya.

Alhaji sau ɗaya ya sa baki. Ya tambayi ɗiyarsa ko a haƙa rami a binne ƙwan da na kawo. Ta ce a'a, a dafa shi har gwaiduwar ta yi tauri, ko a soya ya soyu sosai, wanda ya taɓa ɗanyen ya wanke hannu da sabulu. Wuta na kashe cutar. Ta ce ni ƙato ne shi ya sa abin zai tsaya a wahala, da jariri ne ko tsoho ko mai ciki, da zance ya fi haka. Nan jikina ya yi sanyi na gaske, don na tuna masu ce wa mai shayi ya bar musu ƙwai ruwa-ruwa, na tuna matan da ke saye su kai wa ƴaƴansu.

Na koma Magariya na murmure, na kuma yanke wa kaina cewa zancen aure ya mutu. Wa zai ba da ɗiyarsa ga mutumin da ya katse masa magana da neman buta? In Mariyama ta kira ni a waya sai in ƙi ɗauka. Kunya ta hana ni fita, sai na huce a kan ɗakin kakata. Na ƙone dusar da ta gurɓata, na toshe ramuka da siminti, na samo gangunan ƙarfe masu murfi na ɗora a kan bulo, na kawo kyanwa mai zafin nema. Na daina sayen sharar kifi, na koma na ƙwarai ina daka shi da kaina. Ina canja ciyawar gurbi, ina kwashe ƙwai da wuri, wanda ya taɓa datti in kankare shi a bushe. Na je wurin mai shayi da ƙafata na roƙe shi ya riƙa soyawa sosai. Kwanon kasuwa yana nan, don masu saye ba sa yarda sai da shi, amma ruwan mai tsabta ne, kuma duk ƙwan da aka tsoma ina gaya wa mai shi ya dafa shi a ranar.

Ina cikin wannan hali, wata ranar kasuwa da hantsi aka yi sallama a ƙofar gidanmu. Alhaji Isufu ne, ya kawo bijimi kasuwa ya biyo. Na tsuguna (wannan karon lafiya), ya ce in kai shi ya ga kajin. Ya zaga akurkin, ya shiga ɗakin kakata, ya buɗe ganga ya damƙi dusa ya shinshina, ya dubi kyanwa, kyanwa ta dube shi. Muka fito ya tsaya a inuwar katanga.

"Ranar nan ba ka bari na gama magana ba," in ji shi.

Na ce Allah ya huci zuciyar Baba.

"Da a'a zan ce maka ranar. An gaya mini kai mutum ne da ya san komai, ba a gaya maka. Irin wannan ba na ba shi ɗiya." Ya sake duban akurkin. "Amma na ga an gaya maka, ka ji. Uwarta kuma ta ce ita ba ta daki turmi wayam don bare ba. Ka turo manyanka."

Yau Mariyama na ɗakina, ƴaƴanmu na cin ƙwai dafaffe har gwaiduwa ta yi gari, kajina sun yi yawa, kuma ina nan da bakina, sai dai yanzu in zan yi jawabin abincin kaji da ɓera nake farawa. Abin da na koya ba mai zurfi ba ne. Ƙwan da ya nutse a ruwa sabo ne kawai, ba waliyyi ba ne. Abin da ka zuba wa kaza, wata rana a cikinka zai kwana. In kuma abokinka ya ce ka zaga bayan kalgo, ka zaga, ƙarangiya ana cire ta.

A gidan surukaina ba wanda ya taɓa tayar da zancen, ko da wasa. Mutanen kirki ne. Sai dai duk ranar da na je Waca, ko salla ko suna ko gaisuwa kawai, kafin in gama cire takalmi zan ga an turo buta cike da ruwa ta ƙarƙashin labulen zaure, daidai inda nake zama. Har yau ni da Inna ba mu taɓa haɗa ido ba. Nakan jawo butar kusa da ni, in sunkuyar da kai, in ce a gaya wa Inna na gode.